A kawo laccar ƙauye ma

Na karanta labarin nan na cewa wata cibiyar binciken noma ta shirya lacca a harabarta, har da masu kalangu da 'yan kokawa. Madalla, sun kyauta. Amma don Allah wa aka yi wa laccar?

Ni manomin wake ne a wajen Ringim. Bara na halarci irin wannan taro a birni. Zaure mai sanyi, ruwan gora a gaban kowa, malamin yana ta zuba Turanci yana nuna hotuna a bango. Baffana da na ja muka tafi tare, gyangyaɗi ya yi ta yi, sai da aka buga kalangu ya farka!

Kuma fa ilimin akwai shi. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, tsutsar da ke huda fure da kwanso ba ta iya masa, feshi ya ragu sosai. Ga buhun nan na adana wake mai leda biyu a ciki: ka matse iska, ka ɗaure kowanne daban, ƙwaro ya mutu ba magani. A bakin wani malamin gona na koyi wannan, a gindin darbejiya, cikin minti goma.

Ranka ya daɗe shugaban cibiya, ku jira kaka, lokacin kalankuwa, hatsi ya shiga rumbu. Ku zo dandalinmu bayan la'asar, a yi da Hausa, a ware wa mata nasu zaman tunda su ke casa da adana iri. Makaɗa muna da su, tabarmi ma za mu shimfiɗa.