Yadda rufin ɗakina ya koma gidan Alhaji

Ginin ɗaki biyu na yi a Tahoua, kuma lafiya lau ake tafiya har bango ya kai inda za a rufe. Daga nan kowa a dangi ya zama gwanin rufi.

Kawu ne ya fara zuwa da sandarsa. "Yaro, rufin ƙasa za ka yi. A jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a sa indararo. Cikin Afrilu ma sai ka nemi mayafi." Gaskiyarsa ce, ɗakinsa sanyi gare shi. Abin da bai faɗa ba shi ne azarar giginya, wadda gara ba ta iya ci, daga wajen Gaya ake kawo ta, kuma duk shekara kafin damina sai an hau an yi yaɓe. Ni ko tsani na gani jiri nake ji.

Uwargida kuma dal take so, na siminti da ƙarfe, wai wata rana mu ɗora bene. Magini ya lissafa mini buhunan siminti, na yi shiru. Malbaza da ake yin simintin tana nan cikin jiharmu, amma buhu bai san maƙwabtaka ba.

Sai kwano. Mai shago ya nuna mini kala biyu, mai kauri da wani wanda in ka ɗaga shi sai ya riƙa rawa yana kuka. Na ce a ba ni mai kukan. Magini ya ce a ɗaure katako da ƙarfe cikin bango, a yi silin. Na nuna masa rufin unguwa, kowa bulo da tsohuwar taya ya ɗora, ga su nan zaune lafiya. Ya ce, "To, Maigida, ɗakinka ne."

Bazara ta shigo, zafi ya doshi digiri 45. Da azahar ɗakin nan ya zama tandar masa. Kyandir ya lanƙwashe a kan tebur ba wanda ya kunna shi. Muka kwashe tabarmi muka koma tsakar gida da kwana, sabon ɗaki ya zama na kwanuka da akwatuna. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai kullum ta wuce ƙofar ta yi tsaki.

Cikin Yuni hadarin farko ya taso daga gabas, jar ƙura a gaba, ruwa a baya. Muka ruga ciki. Na ji bulo ɗaya ya mirgina, na biyu ya bi shi, sai wani ƙara, sai ga sararin Allah a saman gadona.

Da gari ya waye na bi sawu. Rabin rufin ya tsallake katanga ya sauka daidai kan garken maƙwabcina, tumaki sun taru a ƙarƙashi a bushe suna tuƙa.

"Alhaji, ina kwana? Kwanona na zo ɗauka."

Ya dubi kwanon, ya dubi tumakin. "Malam, tun bara nake roƙon Allah ya hore mini rumfar dabbobi. Ka bar shi damina ta wuce." Har na juya sai ya kira ni, ya ce ragon layya bai samu wuri ba, ko sauran rabin ma bulo ne kawai a kansa?