Yis ɗin Ƙanƙara Ba Abin Rainawa Ba Ne

Har yanzu raina bai huce ba kan wata magana da na ji wani ya yi, wai duk kuɗin da ake kashewa wajen nazarin yis ɗin da ke rayuwa cikin ƙanƙara asara ce. Mai maganar ya yi karatu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin da ya tsaya ya bincika da bai furta ta ba.

Halittar da ta fi bunƙasa a sanyin digiri 15 ko ƙasa da haka, dole ta nemi abin da zai kare ta daga daskarewa da bushewa. Shi ya sa wasu daga cikin waɗannan yis ɗin suke fitar da wani abu mai yauƙi su lulluɓe jikinsu da shi, wanda dogayen sarƙoƙin sukari ne irin su manos da gulukos da galaktos, yana riƙe ruwa, yana kuma rage illar da ƙanƙara ke yi wa ƙwayar halitta. To, riƙe ruwa da ƙara kauri da hana mai rabuwa da ruwa, ai su ne ainihin abin da masu haɗa magunguna da man shafawa suke nema. Masana a Bulgeriya sun ɗebo yis mai suna Sporobolomyces salmonicolor daga tsibirin Livingston na Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, suka samu gulukomanan, wato irin wannan abu mai yauƙi, a jikinsa, suka kuma gwada shi a haɗin man shafawa. Wannan ba asara ba ce.

Za a ce abin da yis ɗin ke fitarwa kaɗan ne, kuma sanyaya manyan tankuna yana cin kuɗi. Na ji, amma hujjar ba ta gamsar da ni ba. Zantan, wani sinadarin ƙara kauri da bakteriya ke fitarwa, wanda yanzu ake amfani da shi a faɗin duniya, a ɗakin gwaje-gwajen ma'aikatar noma ta Amurka ya faro a shekarun 1950. Fululan kuwa, wanda shi ma sarƙar sukari ce da wata ƙaramar halitta ke fitarwa, sai a 1976 aka fara sarrafa shi don kasuwa a Japan. Kowannensu ya taɓa zama ɗan abin da ke ƙasan kwalba. Har ma sinadarin lifes na Candida antarctica, mai narkar da mai da kitse, wanda masana'antu suka dogara da shi sosai, daga yis ɗin da aka samo a tafkin Vanda na Antaktika ya fito. Ina sake faɗa, wannan bincike ba asara ba ne.

Abin da ke hana ni sukuni ma shi ne tsaunukan ƙanƙara na Alps a Turai da Patagoniya a Kudancin Amurka suna narkewa, tare da halittun da ba a ko raɗa musu suna ba. Sannan yarjejeniyar Antaktika ta 1959 ba ta fayyace wanda zai ci ribar abin da aka ɗebo daga can ba, alhali an daɗe ana ɗiba.