Yadda Na Zama Kocin Kawu

Ɗan Kawu da ke aiki a Faransa ne ya jawo mini wannan jidali. Ya bugo waya ya ce ya biya wa mahaifinsa kuɗin farautar ɓauna ta mako guda a ɗaya daga cikin dazuzzukan farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai, kudu da Garwa, a hanyar Ngaundare. Cikin gandun kansa ba a harbi, tun 1968 yake gandun ƙasa, amma a gefensa gwamnatin Kamaru na ba da hayar daji ga masu kai baƙi farauta da lasisi a lokacin rani. "Yaya, kai ne a kusa," in ji shi. "Ka shirya mini tsohon, ka san ƙarfi ya ja baya."

Kawu shekararsa 74, hamsin daga ciki a daji ya yi su da bindigarsa ta toka. Ni kuwa babbar dabbar da na taɓa kashewa gafiya ce, ita ma sai da uwargida ta tare mata ƙofa da taɓarya. Amma ina da waya, ina da intanet, don haka na karɓi muƙamin koci, har da sayen kayan motsa jiki shuɗaye, riga da wando.

Asibiti muka fara zuwa. Likita ya auna Kawu ya ce lafiya lau. Da wasa na miƙa nawa hannun. Ni aka rubuta wa maganin hawan jini.

Sai atisayen tafiya. Na karanta cewa bin sawun ɓauna wuni ake yi a ƙafa, ga zafin watan Maris da kan haura digiri 40. Na zauna na bayyana wa Kawu haka dalla-dalla, yana tauna goro yana kallona kamar na zo koya wa kifi iyo. Bayan sallar asuba muka nufi gadar Binuwai, ni da agogo mai ƙirga taku da gorar ruwa, shi da takalmin roba da carbi. A kilomita na uku na daina ba da umarni. A na biyar na daina magana baki ɗaya. Ɗan acaɓa ne ya dawo da ni gida, Kawu ya iso bayana a ƙafa, ya ma biya kasuwa ya sayo mini lemo. Da yamma ina ji maƙwabci yana tambayarsa yaya horo, ya ce, "Alhamdulillahi, yaron yana ƙoƙari. Nan da wata guda zai iya."

Takalmi ma sai da ya zama shari'a. Na sayo masa ƙaton but mai tsada, na ce dole ya riƙa sawa kullum don fatar ta yi laushi kafin tafiya. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Ai ƙafarmu ɗaya. Sa mini shi ya yi laushin." Mako biyu ina ɗingishi zuwa ofis da bororo a dugadugai. Ranar da ya yi laushi, Kawu ya gode mini, ya ɗaure shi a jaka, ya sa na robarsa.

Inda ya tsaya ya saurare ni da gaske shi ne dokokin. Na ce ba a harbin mace, ba a harbin ƙarami, sai tsohon namijin da ya gama zamaninsa, kuma in ka raunata dabba ta tsere, an lissafa maka ita. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato tsoho za a kai ya harbi tsoho ɗan'uwansa." Na ce kuma babu kirari, shiru ake so. Nan ne ya ajiye goron.

"Ɗan nan, in kashe ɓauna in yi shiru? Ɓarawo ne ni?"

Muka daidaita a kan zai yi kirarin bayan ta faɗi. Layu da guraye kuwa ko tayar da maganar ban sake yi ba, tun da ya tambaye ni ko a wayar tawa akwai maganin ƙaho.

Darasina na ƙarshe a mota na bayar, muna dab da sansani. Na ce ƙudan tsando na son shuɗi da baƙi, shi ya sa ake sa kaya masu launin ƙasa. Masu bin sawu biyu da ke bayan motar suka dubi kayan kocina, suka dubi juna. Kafin la'asar tsandon yankin kaf sun san da zuwana. Ta cikin riga suke cizo, kamar ana soka allura mai zafi, ina ta marin kaina, Kawu na zaune gefena cikin tsohuwar rigar farautarsa ko ɗaya bai sauka a kansa ba.

A sansani al'ada ce a gwada bindiga kafin a shiga daji. Baturen da ke jagorancin farautar ya kafa sanduna uku, ya ɗora wata ƙatuwar bindiga mai lamba .375, da tabaron hange a kanta. Na ce bari in nuna wa Kawu yadda ake riƙewa, tunda na kalli bidiyo ya fi ashirin. Na manna idona a jikin tabaron don in gani da kyau. Na ji Baturen ya fara cewa wani abu. Na danna kunama.

Da na dawo hayyacina ina zaune a ƙasa, gira ta tsage, jini har haɓa. Kawu ya karɓi bindigar, ya kafe ta a kafaɗa, ya ja fuskarsa baya kaɗan, ya huda tsakiyar kwalin sau biyu.

A rana ta huɗu suka samu ɓaunarsu. Ban gani ba, ina sansani ina taya mai dafa abinci yanka albasa da ido ɗaya, amma kirarin tun daga nesa na jiyo shi. Da dare ɗansa ya kira ta bidiyo, ya ga fuskata a kumbure da filasta, ya yi salati.

"Baba, ɓaunar ce ta taka Yaya?"

Kawu ya ɓare goro. "Ina! Ko ganinsa ba ta yi ba."