Yadda na je Sin da Sinancin da na haɗa a Kwari

Ranar da Alhaji maigidana ya ce bana ni zan je Gwangjo ta ƙasar Sin saro kaya saboda ƙafarsa ta matsa masa, wallahi ban runtsa ba. Shekara tara ina tsaron shago a Kantin Kwari, iyakar tafiyata Legas. Sunan garin ma da gwanjo na riƙe shi, kun san kayan gwanjo, sai na ce to ai shike nan, ashe abin ba wuya.

Nan fa ƙanina ɗan jami'a ya shigo da iliminsa. Wai akwai wani Bajamushe Ebbinghaus da ya zauna yana haddace kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa, a 1885 ya fitar da littafi ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko da ranar farko, daga nan sai ta lafa. Don haka maganin shi ne ka waiwayi kalma kafin ta gudu, yau, gobe, bayan kwana uku, bayan sati. Har ya sa min Anki a waya, wata manhaja mai nuno maka kalmomi a kati tana maimaita maka su. Baffanmu alaramma na gefe yana jan carbi, ya ce kai yaro wannan ai tishi ne, mu da allo muka yi shi ba wanda ya rubuta mana littafi. Ni kuwa duk biyun sai na ga sun yi tsawo, sati biyar ya rage min, na zaɓi dabara ta uku da ƙanin nawa ya faɗa a taƙaice, wato ka ɗaure baƙuwar kalma da wata ta harshenka mai kama da ita, ka ƙulla mata labari, in labarin ya fi ban dariya ya fi zama.

Jama'a na yi aiki. Na gode da Sinanci shye-shye ne, na ce shaye-shaye, na hango ɗan Sin ya ba ni kwalbar sirop ina masa godiya. Ba na so, bu yaw, na ce ba yau ba. Sai an jima, dzai jyen, zai je can. Ya yi tsada kuwa tai gwei la, wannan na fi alfahari da shi, ta yi ƙwai, ai kazar da ta fara ƙwai ta fi tsada a kasuwa, ga sauti ga ma'ana. Saye kuma mai ne, wannan ko ɗauri ba ya so, man gyaɗa man ja man fetur duk saye ake.

Sai na ƙara da liƙa takardu a gida. Ƙofa, buta, firij, fanka, har akuyar uwargida na rataya wa kwali a wuya an rubuta yang. Kwana biyu akuya ta cinye sunanta. Yara kuma suka gano wasa ne, suna sauya takardun in na fita, sati guda cur ina kallon buta ina kiran ta ƙofa. Da na yi faɗa uwargida ta ce Malam ai gara ka gode wa Allah, ta jikin madafa ma da ita na hura gawayi jiya.

Muka tashi daga Kano, muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka. Masaukina a Shawbei, unguwar da baƙaƙen fata da gidajen abincin Musulmin Sin suka yi yawa, nan ba matsala, ka ga tambarin halal ka shiga ka nuna hoton taliya da naman sa. Matsalar a kasuwa take.

Abin da ƙanina bai gaya min ba shi ne ƙugiya tana iya zama daram a kai kifin ya tsere. Na shiga shagon mayafai, matar ta faɗi kuɗi, na buɗe baki zan ce ya yi tsada, kaza ta zo min tsaf da launinta da akurkinta, amma abin da ta yi ya ɓace. Na tsaya ina cewa ta yi... ta yi... kwanci? Ta ƙyanƙyashe? Matar tana kallona, ni ina kallon silin, ƙarshe sai na tsinci kaina na lanƙwasa hannuwa ina kaɗa su kamar fiffike ko za ta taimaka min. Ta kira mijinta. Shi ma ya kira maƙwabcinsa.

Mai ɗin da na raina shi ya fi ba ni kunya. Sinancin Mandarin yana da karin sauti huɗu, kuma mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, mu da muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya da murya kawai. To ashe mai iri biyu ne, in muryar ta nutse ta taso shi ne saye, in ta faɗo daga sama shi ne sayarwa. Ku furta mai na miya ku ji, faɗowa yake. Wato kwana biyu ina yawo da jaka a kafaɗa shago shago ina shelar ina so in sayar, ina so in sayar. Wani tsoho har ya leƙa jakar, ya tarar da kilishi da darduma da cajar waya, ya girgiza kai ya ce bu yaw. Wannan kam na gane shi nan take, ba yau ba.

Sai babbar. Na samu mayafi mai kyau irin wanda matan Kano ke rububi, na tambayi kuɗi, yaron shagon ya ɗaga babban yatsa da manuni kamar bindiga. Yatsu biyu, yuwan biyu kenan a kuɗinsu. Gabana ya faɗi don murna, na fita waje na kira Alhaji na ce ranka ya daɗe Allah ya kashe ya ba mu, guda dubu biyar zan ɗauka. Ya ce kai ɗan nan ka tabbata? Na ce Alhaji ni da nake jin yarensu. Su mutanen Sin da hannu ɗaya suke ƙirga ɗaya zuwa goma, kuma wannan bindigar takwas take nufi, ba wanda ya sa min ita a kati. Yaron ya danna kalkuleta ya juyo min da ita, dubu 40 maimakon dubu 10 da na riga na yi wa Alhaji albishir. Duk Sinancin ya zube, kaza ta sake leƙowa ba ƙwai, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne innalillahi, shaye-shaye. Yaron ya yi murmushi ya ɗan rusuna, a ganinsa na gode masa ciniki ya faɗa, ya fara kiran a kawo kwalaye.

Wani Banijar ɗan Maraɗi da ke shagon gaba shi ya cece ni, ya shekara goma yana zuwa. Ya karɓi kalkuleta, ya danna 5, yaron ya danna 7, ya danna 6, aka tafa. Ko kalma ɗaya bai furta ba. Da muka fito na ce Yaya to kai wace dabara ka bi ka koyi yaren? Ya ce wane yare?

A jirgin dawowa na buɗe Anki don kunya, kati 312 na jira na. Na farkon da ya fito hoton buta ne, na amsa da ƙarfin gwiwa na ce ƙofa.