Tudun da na gina da hannuna

Wallahi ni na kawo shawarar a gina tudun rage gudu a layinmu, shi ya sa yanzu ba ni da bakin magana. Mararrabar layinmu hanya huɗu ce, ba danja ba mai ba da hannu, kowa hon yake dannawa ya afko, kuma tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 'yan adaidaita sahu suka mayar da layin hanyar yanke, suna sheƙa gudu kamar an biyo su ga 'yan Islamiyya na tsallakawa da yamma. Ran nan bayan isha'i na miƙe a ƙofar masallaci na zuba jawabi, aka yi karo-karo aka sayi siminti buhu 3, nan take aka naɗa ni shugaban kwamiti.

Birkila ya ce "Alhaji haka ya isa fa", na ce ƙara, ya ƙara, na ce ƙara dai malam, so nake ɗan sahu ya ji a ƙugunsa. Da aka gama sai ga abu kamar kunyar rogo. Fenti kuma kuɗi sun ƙare, aka ce sai wani watan.

Kwana biyu ba a yi ba 'yan garuwa suka daina shigo mana, wai kura da jarkoki ba ta iya hawa, baya take dawowa da su. Uwargida ta miƙo min bokiti ta ce "Baban Ummi, tunda kai ne injiniyan sai a taimaka mana." Maƙocina mai ƙaramar mota shi kuma salansa ya bari a wurin, har yau gaisuwarmu daga nesa ce.

To ranar Alhamis da dare an ɗauke wuta, na taho a babur da kiret biyu na ƙwai a ɗaure a baya ina lissafin riba, ni da na auna tudun da ƙafata kwata-kwata na manta da shi. Sai jin kaina na yi a sama, hula gabas takalmi yamma. Ina kwance ina salati wani yaro ya ƙwala ihu "shugaba ya gwada aikinsa!" Mai shayin kwana ya haska ni da tocila, ko sannu babu, wai "Alhaji waɗanda ba su fashe ba nawa za ka bar min?" Guda 7 ne cikin 60.

'Yan sahun kuwa sun gano gefe, yanzu ta bakin dakalin ƙofar gidana suke bi, har hannu suke ɗago min.