Ƙwan zabo a ƙarƙashin kaza

Assalamu alaikum, ’yan’uwa.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan dabarar. Da damina ta sauka zabi suka fara ƙwai, sai iyayenmu mata su kwashe su zuba wa kazar da ke kwanci, don zabuwa ba ta da haƙurin reno. Kaza ta saba kwana 21 ta ƙyanƙyashe nata, amma na zabo sai ta kai wajen kwana 28 tana zaune a akurki, ta rame, ba ta fita sai cin tsaba da shan ruwa.

A gidanmu na ga irin wannan da idona. Kazar ta rungume ’yan zabin kamar nata, tana tono tana kiransu, shirwa na giftawa ta yi ƙara su duka su shige ƙarƙashin fiffikenta. Ba su taɓa ganin shirwa ba, amma ba wanda ya tsaya tambaya. To, da suka yi gashi fa? Wata magariba sai ga su sun tashi fir sun haye reshen darbejiya, kazar na ƙasa tana kai da kawo. Kukansu na zabo, gudunsu na zabo, zanen jikinsu na zabo. Ba su zauna da uwarsu zabuwa ko na yini guda ba.

Wa ya koya musu? Amsar da Annabi Musa (AS) ya ba Fir’auna ke nan a Suratu Ɗaha, aya ta 50: Ubangijinmu shi ne wanda ya ba kowane abu halittarsa, sannan ya shiryar. Shi ya yi wa ƙudan zuma wahayi ta yi gida a duwatsu da itatuwa, kamar yadda ya zo a Suratun Nahli. Shi ke sa ɗan akuya, jikinsa ko bushewa bai gama ba, ya miƙe yana tangaɗi ya nufi nono. Shi ke kawo shamuwa garuruwanmu gab da damina, ba taswira, ba ɗan jagora.

Abin da ya hana ni sakat shi ne hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya ce kowane jariri ana haihuwarsa ne a kan fiɗira, wato tsarkakakkiyar ɗabi’a ta asali, iyayensa ne ke karkatar da shi. Sai ya buga misali da dabba: tana haihuwar ɗanta cikakke, ko kun taɓa ganin wanda aka haifa da yankakken kunne? Wato yankan daga baya yake zuwa, kuma da hannun mutane.

Ɗan zabo renon kaza bai canza shi ba. Ɗan Adam kuwa reno na iya juya shi, saboda an ba shi hankali da zaɓi, kuma za a tambaye shi. Yaro bai zo duniya da ƙarya ba. Ranar da mai bin bashi ya yi sallama ka ce masa "je ka ce ba na nan", ranar ka sa masa wuƙa a kunne. Ashar ɗin da yake yi a layi, a tsakar gida ya fara jin ta. Wayar da muke miƙa masa don ya bar mu mu huta, ita ma malama ce, ba mu dai san karatun da take biya masa ba. Kaina nake fara yi wa wannan magana, wallahi, don ni ma na sha miƙawa.

Shekaranjiya ina sallar isha’i, ’yar ƙanwata mai shekara 2 ta ja ɗankwali ta yafa, ta tsaya gefena. Na yi ruku’u ta duƙa, na yi sujada ta kife gaba ɗaya har da ciki. Da na sallame ban ce mata komai ba, matsawa kawai na yi na bar mata gefen darduma.