Ranar tsintsiya a Bronx da Asabar ɗin tsaftar muhalli a Kano

Jiya da safe ƙanina ya kira ni bidiyo daga Kano, ya gan ni zaune cikin mota da rigar sanyi ƙarfe tara saura, ya ce yaya lafiya kuwa, ba kai ka ce min sai huɗun asuba kake tashi daga aiki ba? Na ce lafiya ƙalau, yau ranar shara ce a layinmu, motar tsintsiya nake jira ta wuce. Ya ce shara kuma, me ya haɗa direban tasi da shara? Ina cikin yi masa bayani netiwok ya ɗauke, shi ne na ce bari kawai in rubuta, don na san ba shi kaɗai ne zai yi wannan tambayar ba.

A nan Bronx da sauran yankunan birnin Niyok yawancin mutane ba su da gareji, a bakin titi kowa ke kwanar da motarsa, kuma a mafi yawan unguwannin zama ba a biyan ko sisi. Amma akwai sharaɗi. A kowane layi za ka ga allo an rubuta harafin P an soke shi da hoton tsintsiya, a ƙasa an sa rana da lokaci. A layinmu gefe ɗaya Litinin da Alhamis ne, ɗaya gefen Talata da Juma'a, daga takwas da rabi zuwa goma, awa ɗaya da rabi kenan. Cikin wannan lokacin ba a son ganin mota ko ɗaya a gefen da za a share, saboda motar sharar hukuma, wata ƙatuwa mai burushi a gindinta tana fesa ruwa tana kwashe datti, sai ta bi jikin dakalin titi sosai kafin aikinta ya yi kyau. Ka bar motarka a wajen, tarar dala 65 ce, za ka tarar da takardar a maƙale a gilashi. Ku buga lissafi da canjin yau ku gani. Dokar kuma ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1950 ake yinta.

To ina za a kai motocin tunda ɗaya gefen ma a cike yake? Abin da ake yi shi ne kowa ya fito ya jera motarsa a jikin waɗanda suka yi fakin a ɗaya gefen, layi biyu, wanda a doka ba daidai ba ne amma a unguwanni da yawa ana kawar da kai a wannan ɗan lokacin, wasu su bar lambar wayarsu a gilashi ko wanda suka tare zai so fita. Wasu kuma ba sa matsawa, zama suke yi a ciki da kofin shayi, in sun ji ƙarar motar tsintsiya da hon ɗinta sai su ja gaba, tana wucewa su dawo wajensu da sauri kafin wani ya rigaye su. Wallahi na ga manyan mutane masu furfura suna cacar baki a kan wajen fakin ɗaya.

Shekarun farko na tsani abin nan har raina. Lokacin sanyi na farko da na yi da mota na dawo aiki da asuba, na yi sallah na kwanta, ban farka ba sai goma saura, na fito na tarar da takarda. Kuɗin da na yi rabin dare ina nema kenan ya tafi. A ranar na ce wannan ba tsafta ake nema ba, kuɗin talaka ake nema.

Abin da ya sauya min tunani korona ce. A 2020 aka dakatar da dokar na wani lokaci, daga baya magajin gari na lokacin Bill de Blasio ya mayar da ita sau ɗaya a mako a kowane gefe, mu direbobi muka yi ta murna. Amma ni da idona na ga yadda layinmu ya koma. Mota ta kwana bakwai ba ta motsa ba, ƙarƙashinta ganye, robobi, takunkumin fuska, ragowar abinci, ga ɓeraye suna shawagi tun kafin magariba, ga wari in zafi ya zo. Sannan a farkon Satumban 2021 ruwan guguwar Ida ya sauka, mutum 13 suka rasu a birnin nan, yawancinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa irin wanda da yawa daga cikin 'yan'uwanmu baƙi ke haya saboda sauƙin kuɗi. Ba zan ce shara ce ta kashe su ba, ruwan ya fi ƙarfin magudanun ko da a tsaftace suke, amma a kwanar layinmu na ga matasa tsaye cikin ruwa har gwiwa suna yaye leda da ganye daga bakin ƙarfen magudana da hannunsu, suna cirewa ruwan ya fara zurarewa. A take Kano ta faɗo min a rai, watan Agusta, kwata ta toshe, ruwa ya shigo zaure. Da Eric Adams, magajin garin da ya gaji de Blasio, ya dawo da sharar sau biyu a watan Yulin 2022 abokan aikina da yawa sun ji haushi, ni kam ban ji ba.

Mu ma ai muna da tamu a gida. Asabar ɗin ƙarshen wata, bakwai zuwa goma na safe, tsaftar muhalli, abin da ya samo asali tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980. Ina yaro mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ke fara fitowa da shebur da manjagara, ya tashe mu ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta su fito, a yashe kwata tun daga farkon layi har ƙarshe, a yi ta hira ana tsokanar juna. Kuma ko ba ranar ba, wane gida ne ba a share ƙofarsa da safe a yayyafa ruwa? Wannan abu ne da nake kewa sosai, a nan maƙwabcinka na shekara biyar ma ba lallai ka san sunansa ba. Su a nan doka ce ta ɗora wa mai gida share gaban gininsa har inci 18 cikin titi, in bai yi ba a ci shi tara, mu kuwa kunya ce da tarbiyya ke sa a yi.

Amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Sau nawa muka yashe kwata muka tara baƙin taɓo da ledar fiya wata a bakin hanya, aka ce mota za ta zo ta kwashe, mako ya wuce ba ta zo ba, awaki suka tone, yara suka tattake, ruwan sama ɗaya ya mayar da komai inda aka ciro shi? Zuwana gida na ƙarshe haka na gani a layinmu, tulin na nan har na dawo. Kuma awa ukun nan an tsayar da gari gaba ɗaya, mai adaidaita bai fita ba, mai ƙosai ba ta yi ciniki ba, mai tafiya ya makara, wanda aka kama a hanya kotun tafi-da-gidanka ta ci shi tara, alhali da yawa barci kawai suke yi har goma ta buga, samari kuma su mayar da kwalta filin ƙwallo. A Legas har kotu aka je, a 2015 ta ce hana zirga-zirgar ba shi da madogara a doka, a 2016 gwamnatin jihar ta soke shirin.

Abin da na fahimta bayan na zauna a wuraren biyu shi ne mutum yana iya haƙura da takura in yana ganin abin da aka takura masa dominsa. A nan mota aka hana tsayawa, ba mutum aka hana fita ba, gefe ɗaya na layi ɗaya ne, ba gari duka ba, kuma a mafi yawan ranaku ina zaune zan ga motar ta zo ta wuce, in leƙa in ga jikin dakalin fes. Na ba da barcina, su ma sun kawo nasu a cikin awa ɗaya da rabin nan. A gida talaka yana ba da safiyarsa da ƙarfinsa da cinikinsa, ɗaya ɓangaren ne ake yawan jira.

Ba cewa nake a ɗauko motar tsintsiya a kai lungunan cikin gari ba, inda babu kwalta me za ta share, kuma matsalarmu ba motocin da suka yi fakin ba ce, kwata ce da leda da rashin inda za a zubar. Abin da nake ganin za a iya ara shi ne rabon rana. A ce unguwa kaza ranar kaza ce, kowa ya sani, mai unguwa da limamai su sanar, a yashe da safe, tifa ta zo kafin azahar a ranar, gobe a koma wata unguwar. Motoci kaɗan ma sun isa in ba rana ɗaya ake buƙatarsu a ko'ina ba, kuma ba sai an rufe kasuwa ba.

Dokar nan ta Niyok ma fa tana da nata zaluncin, ban wanke ta ba. Ko motar ta riga ta share ta wuce, in ka yi fakin ka shiga gida kafin lokacin da ke allo ya cika ana iya rubuta maka tara, to tarar me kenan, titin ai an share? Minti biyar kawai ake ɗaga wa mutum ƙafa. Sannan nauyin a kan wa yake faɗawa? Mai kuɗi yana biyan gareji ɗaruruwan daloli a wata, wani ma ya lissafa ya ga biyan tarar ya fi masa araha sai ya bar motarsa a wajen, tsintsiya ta kewaye ta, dattin ya zauna. Wanda ke shan wahalar shi ne direban dare, mai gadi, ma'aikaciyar jinya da ta kwana a tsaye, tsohon da ke saukowa daga hawa na biyar da sanda. Ga mai da ake ƙonawa a banza, motoci jere da inji a kunne saboda sanyi. Ni da za a ji tawa, da zarar motar ta wuce a bar mutane su koma, tunda yanzu ba abin wahala ba ne a san inda ta bi.

Abu ɗaya da ya taɓa min zuciya shi ne ana ɗage dokar a ranakun ƙaramar sallah da babbar sallah, kamar yadda ake ɗagewa a Kirsimeti da bukukuwan Yahudawa da na 'yan Indiya da sabuwar shekarar 'yan Sin. Sallar farko da na tafi idi ban yi tunanin mota ba na ji daɗi ƙwarai. Ana ɗagewa kuma in dusar ƙanƙara ta zuba, shi ya sa kafin in kwanta sai na duba 311, wato kafar neman bayani ta hukumar birni.

Yanzu a gininmu mun yi tsari. Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya yi ritaya, Baba Alhaji muke ce masa, shi ya kawo shawarar, ya ce 'ya'yana ba zai yiwu ku huɗu duk ku hana kanku barci a kan abu ɗaya ba. Muka haɗa makullai a wajensa, ni da wani ɗan Damagaram da wasu biyu, kowace ranar shara mutum ɗaya ne zai tashi ya matsar da motocin duka, Baba Alhaji na zaune a taga da carbinsa yana hango motar tsintsiya, in ta shigo kwana ya buga waya. Jiya da ƙanina ya kira ni ni zagayen ya zo kaina, ranar Alhamis ɗan Damagaram ne zai fito.